DARASI: HUKUNCIN BIN SAWUN SHUGABANNIN KAMFANIN TABAR WIWI WAJEN SAYEN HANNUN JARI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya sanya albarka cikin neman halal, Ya kuma yi wa ɗan Adam baiwar hankali. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani wayar salula ta kawo kasuwannin nesa cikin aljihunmu. A yau ɗan kasuwa yana zaune a rumfarsa a Maraɗi ko Damagaram, ko ɗanmu da ke neman abinci a Amurka ko Kanada, yana iya sayen hannun jarin kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba. Daga cikin labaran da ake yaɗawa don jawo masu saye akwai wannan: ga shugabannin kamfani kaza, mai noman tabar wiwi da sayar da ita, sun fitar da kuɗin aljihunsu sun sayi hannun jarin kamfaninsu, saboda haka a yi hanzari a saya kafin farashi ya tashi. To, mene ne ma'anar wannan labari a wurin masu kasuwar? Kuma shin ya halatta ga Musulmi ya bi sawunsu? Wannan shi ne darasinmu, kuma za mu kasa shi mas'ala shida, da yardar Allah. A duk inda muka ce dala, dalar Amurka ko ta Kanada muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

MAS'ALA TA FARKO: Mene ne hannun jari, kuma su wane ne ƴan ciki?

Hannun jari rabo ne daga mallakar kamfani. Misalinsa kamar mutum goma ne suka haɗa kuɗi suka sayi babbar mota don ɗaukar albasa daga Galmi zuwa Abijan. Kowanne yana da rabonsa a motar, in an ci riba ya samu, in an faɗi ya ɗauki nasa kashin asarar. Wannan shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira sharika, wato tarayya. Bambancin kawai shi ne a manyan kamfanoni masu tarayya dubbai ne, kuma kowa yana iya sayar da rabonsa a kasuwa ta musamman, irin kasuwar Nasdaq ta birnin Niyok, ko ta Toronto, ko kasuwar BRVM ta Abijan wadda ƙasarmu Nijar take cikinta. Mu riƙe wannan asali da kyau, domin a kansa hukunci zai ginu: wanda ya sayi hannun jari ya zama ɗaya daga cikin masu kamfanin, ko da rabonsa bai fi ƙwayar gero ba.

Amma ƴan ciki, su ne shugaban kamfani, da manyan jami'ansa, da ƴan majalisar gudanarwarsa, da masu babban rabo. Su ne suke sanin halin kamfani kafin jama'a su sani: an ci riba ko an faɗi, hukuma za ta ba da lasisi ko za ta ƙwace. Saboda haka dokokin waɗancan ƙasashe suka sa musu ido. A Amurka tun dokar 1934 aka wajabta musu bayyana cinikinsu, kuma daga 2002 wa'adin ya koma kwana biyu na aiki, ta hanyar wata takarda mai lamba 4 da ake miƙa wa hukumar kula da kasuwar, wato SEC. Haka nan in ɗan ciki ya saya ya sayar a cikin wata shida, ribar da ya ci ta kamfani ce, sai ya mayar. A Kanada wa'adin bayyanawa kwana biyar ne. Sayen da aka bayyana doka ta yarda da shi; wanda ta hana shi ne ɗan ciki ya saya ko ya sayar bisa wani muhimmin labari da aka ɓoye wa jama'a.

MAS'ALA TA BIYU: Yadda wiwi ta shiga kasuwar hannayen jari

Ƙasar Urugwai ce ta fara halatta noma da sayar da wiwi don shan nishaɗi, a ƙarshen 2013. Kafin nan, a 2012, jihohin Kolorado da Washinton na Amurka sun jefa ƙuri'ar halatta ta. Sannan Kanada ta bi, dokarta ta fara aiki ranar 17 ga Oktoba, 2018. A wannan shekara kuɗi suka yi ta kwarara cikin kamfanonin wiwi kamar ruwan damina. Kamfanin Constellation Brands, mai sayar da giyar Corona a Amurka, ya zuba dalar Kanada miliyar 5 a kamfanin Canopy Growth. Kamfanin Altria, mai sigarin Marlboro a Amurka, ya ba da sanarwar zuba dalar Kanada miliyar 2.4 a kamfanin Cronos. Ku dubi waɗanda suka fara rugawa: masu giya da masu taba. Hausawa suna cewa sai hali ya zo ɗaya ake abota.

Kamfanin Tilray ya shiga kasuwar Nasdaq a watan Yuli na 2018, ana sayar da hannun jarinsa ɗaya dala 17. Ranar 19 ga Satumba na wannan shekara farashin ya taɓa dala 300. A 2025 hannun jarin nan ya faɗo ƙasa da dala guda. A lokacin ne aka ba da labarin cewa shugaban kamfanin, Irwin Simon, ya sayi hannayen jarin da kuɗinsa. Shi kuwa Canopy Growth, farashinsa ya zube har a watan Disamba na 2023 sai da aka haɗe kowane hannun jari goma ya koma ɗaya, don lambar farashin ta ɗaga. Dalilan faɗuwar sanannu ne: an noma fiye da abin da ake iya sayarwa, ƴan sayarwa a ɓoye ba su daina ba, haraji ya yi nauyi, kamfanonin kuma suka yi ta buga sababbin hannayen jari, rabon tsofaffin masu tarayya yana ƙanƙancewa, kamar furar da ake ta ƙara wa ruwa.

MAS'ALA TA UKU: Shin sayen ƴan ciki hujja ce?

Masu kasuwar suna kafa hujja kamar haka: mutum yana iya sayar da rabonsa don bukatu iri-iri, gina gida ko biyan bashi, amma ba ya fitar da kuɗinsa ya saya sai in yana zaton farashi zai tashi, tun da kuwa shi ne ya fi kowa sanin cikin gidan, sayensa alama ce. Akwai ƙanshin gaskiya a wannan magana, amma mai hankali ya lura da abubuwa huɗu.

Na farko, yawancin hannayen jarin da shugabanni suke riƙe da su ba da kuɗinsu suka saya ba, kamfani ne ya ba su cikin ladan aikinsu. Na biyu, kamfanoni da yawa suna shardanta wa shugabanninsu riƙe wani adadi, to sayen cika sharaɗi ba shaida ba ne a kan komai. Na uku, abin da shugaba ya saya yana iya zama ɗan kaɗan in an gwada da albashinsa. Asarar da shi ba zai ji ba, kai ita ce jarinka duka. Na huɗu, kasuwar Nasdaq tana da ƙa'ida cewa in farashi ya zauna ƙasa da dala guda kwana talatin na aiki a jere, ana aika wa kamfani gargaɗi, in bai gyara ba ana iya fitar da shi. Shugaban da yake cikin wannan hali yana da bukatar jama'a su ga alamar ƙarfin gwiwa. Ba mu ce wane ya yi don haka ba, domin zukata Allah kaɗai Ya san abin da ke cikinsu. Abin da muke cewa shi ne alama daban, yaƙini daban, kuma shugaba ma mutum ne, bai san gaibu ba.

MAS'ALA TA HUƊU: Hukuncin sayen ɗan ciki a Shari'a

Mu ajiye maganar wiwi tukuna, mu ɗauka kamfanin siminti ne ko na sukari. Sayen shugaba ba ya wuce hali uku.

Hali na farko: ya saya bisa labarin da ya ɓoye wa sauran masu tarayya. Wannan haramun ne ta fuska biyu. Fuska ta farko, cin amana ne, domin shugaba wakili ne, labarin kamfani kuma ajiya ce a hannunsa, ba gādonsa ba. Fuska ta biyu, yana kama da tarbon fatake wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Mun san wannan a ƙasarmu: mutum ya ji farashin wake ya tashi a birni, sai ya fita bayan gari ya tare mai amalanke tun bai iso kasuwa ba, ya saye buhunan da tsohon farashi. Mai waken ya yarda, amma yardar da aka gina kan rashin sani ce, shi ya sa a ruwayar Muslim aka ba mai kayan zaɓi in ya iso kasuwa ya ga gaskiya. To, shugaban da ya sayi rabon abokin tarayyarsa alhali ya san gobe za a ba da labarin da zai ninka farashi, ya fi mai tarbon fatake laifi, domin shi amintacce ne aka ɗora a kan dukiyar.

Hali na biyu: ya saya don a gani, mutane su ruɗu su biyo shi, alhali ya san gidan yana rushewa. Wannan ɗan'uwan najashi ne, wato mutum ya tsaya a kasuwar dabbobi yana ƙara taya sa, ba don yana so ba, sai don ya zuga mai saye. An hana najashi a hadisin Abdullahi ɗan Umar. Gaskiya ne mai najashi ba ya biyan kuɗi, shi kuwa wannan ya biya, amma manufar ɗaya ce, wato yaudara. Mun kuma san ƙissar mai tarin abinci da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama, Annabi ya cusa hannunsa ya taɓo danshin, ya kuma barranta daga mai algus.

Hali na uku: ya saya da zuciya ɗaya, bisa labarin da kowa ya sani, ya kuma bayyana sayensa cikin wa'adi. Wannan babu laifi a cikinsa ta fuskar hanya, kamar dai ɗaya daga masu motar albasa ya sayi rabon abokinsa bayan an baje littafin lissafi a gaban kowa.

Wahalar ita ce, wanda yake waje ba ya iya rarrabe waɗannan halaye uku, kai har kotu ma takan sha wuya. Ku ɗauki misalin kamfanin CannTrust na Kanada. A watan Yuli na 2019 hukumar lafiyar ƙasar ta ce ta samu ana noman wiwi a wasu ɗakuna da ba su da izini a gonar kamfanin da ke Pelham, cikin lardin Ontariyo. Farashi ya faɗi, aka kori shugaban, aka dakatar da lasisi, a 2020 kamfanin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi. A 2021 aka tuhumi tsofaffin shugabanni uku, biyu daga cikinsu har da laifin ciniki bisa labarin ɓoye. A watan Disamba na 2022 kotu ta wanke su duka, bayan masu ƙara da kansu sun ce hujjarsu ba za ta kai ba. Ba mu da ikon tuhumar wanda kotu ta wanke. Amma a lura: ko da laifi ko babu, ƙananan masu jari su ne suka kwana ciki, domin su ne na ƙarshen jin labari.

MAS'ALA TA BIYAR: Hukuncin hajar kanta

Yanzu mu komo kan asali. A ce shugaban nan yana cikin hali na uku, mai gaskiya ne, a ce ma hasashensa ya tabbata farashi ya ninka goma. Shin hakan ya halatta mana saye? Amsa ita ce a'a, domin tambayar farko a Musulunci ita ce: me ake sayarwa? Sai an wuce ta ake tambayar wa yake saye, kuma ta wace hanya.

Allah Maɗaukaki Ya haramta giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Ya kuma bayyana illarta, wato jefa gaba tsakanin mutane da kange su daga ambaton Allah da salla. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Umar abin da ke nuna cewa sunan giya ya game duk abin da ke sa maye. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ummu Salama hani ga mai sa maye da mai kashe jiki. Da shan wiwi ya yaɗu cikin ƙasashen Musulmi a wajen ƙarni na bakwai na Hijira, malamai sun yi magana a kanta. Shehin malaminmu na Malikiyya, Imamu Ƙarafi, wanda ya rasu a 684 Hijiriyya, a littafinsa Alfuruƙ ya sanya ta cikin masu ɓata hankali, ya ce mai shanta horo za a yi masa gwargwadon ganin alƙali. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya ce hukuncinta hukuncin giya ne har da haddi. Imamu Zarkashi na Shafi'iyya ya wallafa littafi guda a kan haramcinta. Ku lura, saɓaninsu a kan nau'in horo ne. Amma shan ta don gusar da hankali, dukkansu sun haɗu a kan haramcinsa.

Wani zai ce: ni ai ba na sha, ba na noma, lamba kawai nake gani a waya. Sai mu tuna masa mas'ala ta farko: kai mai kamfani ne. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas an la'anci mutum goma a kan giya, cikinsu har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai sayar da ita, da mai cin kuɗinta, ba mashayi kaɗai ba. Hadisin Ibnu Abbas kuma a wurin Abu Dawuda ya tabbatar da ƙa'idar cewa haramcin abu yana bin kuɗinsa. Bisa wannan ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa babu saɓani a kan haramcin shiga kamfanin da asalin sana'arsa haram ce. Halattawar majalisar dokokin Kanada ta ɗauke wa mutum tsoron ɗan sanda ne a can, ba ta ɗauke masa hisabi ba.

Kuma kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. A watan Maris na 2021 jami'an yaƙi da miyagun ƙwayoyi sun kama tan 17 na curin wiwi a birnin Yamai. Kowa ya san yaron unguwarsa da wannan taba ta raba da makaranta, da sana'a, wani ma da hankalinsa. Ba za mu yi kuka da ita a ƙofar masallaci ba, sannan mu je mu yi addu'a cinikinta ya bunƙasa a wata ƙasa don rabonmu ya yi tsada. Ƴaƴan waɗancan mutane su ma ƴaƴa ne.

MAS'ALA TA SHIDA: To, maganar magani fa?

Adalci ya wajabta mu faɗi wannan. A cikin tsiron akwai sinadarin da ke sa maye, ana kiransa THC, akwai kuma wanda ba ya sa maye, ana kiransa CBD. A watan Yuni na 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin Epidiolex, wanda aka yi da CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Ƙasar Lesoto ta fara ba da lasisin noman magani a 2017, Maroko kuma ta yi doka a 2021 don magani da masana'antu. Malamanmu na Malikiyya tun da can sun yarda a ba marar lafiya abin da zai gusar masa da ji don a yi masa yanka. Saboda haka maganin da amintaccen likita ya rubuta don lalura, da kamfanin da sana'arsa ke nan kaɗai, da mai noman irin da ake yin igiya da tufafi da shi, hukuncinsu daban ne, sai a duba kowanne a kan kansa, tare da duba ko kamfanin yana nutse cikin bashin kuɗin ruwa.

Amma kada sunan magani ya zama mayafi. Manyan kamfanonin da muka ambata suna sayar da ta shan nishaɗi a fili. Tilray ma bai tsaya nan ba, a 2023 ya sayi nau'o'in giya da abin sha guda takwas daga kamfanin Anheuser-Busch. In an haɗa tukunya ɗaya, ba za ka ce rabonka daga gefen magani kawai ya fito ba.

KAMMALAWA

Wanda bai saya ba, ya gode wa Allah, ya kame hannunsa. Wanda ya riga ya saya cikin rashin sani, ya tuba, ya fita ba tare da jiran farashi ya tashi ba, ya ɗauki uwar kuɗinsa, abin da ya ƙaru kuma ya fitar da shi ga talakawa ko ayyukan amfanin jama'a, da niyyar tsarkake dukiyarsa. Kada ya lissafa shi cikin zakka, kada ya yi aikin hajji da shi. In kuwa asara ya samu, ya yi haƙuri, Allah Yana musanya wa wanda ya bar abu dominsa. Wanda ya ba wani banki ko dillali kuɗinsa don a juya masa, ya tambaya a ina aka zuba su, domin wakilci ba ya sauke nauyi.

Sannan nasiha ga waɗanda Allah Ya ɗora a kan dukiyar jama'a a nan gida, shugabannin ƙungiyoyin manoma, da masu riƙe da adashi, da dillalai, da manajojin kamfanoni: labarin da ka samu saboda kujerarka amana ce. Kada ka sayi rabon abokin tarayyarka sai ka gaya masa abin da ka sani. Hadisin Hakimu ɗan Hizamu ya rataya albarkar ciniki ga gaskiya da bayyanawa, ya rataya shafewarta ga ƙarya da ɓoyewa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadata mu da ita ga barin haram. Allah Ya shiryi matasanmu, Ya tsare musu hankulansu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.